Malainar da Ka Dasa a Jigwada

Zuwa ga mahaifina, Baba Istifanus.

Gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga mahaifinsa. Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa Mama tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar da ke taso mata in damina ta zauna. Yaya Rifkatu da yaranta lafiya lau. Ni ma ina nan a shagona na kafinta a bakin Angwan Iya, inda ka bar ni.

Shekara huɗu ke nan da ka tafi wurin Ubangiji, ban taɓa zama na rubuta maka ko layi ɗaya ba. Na san babu motar da ke kai saƙo inda kake. Amma akwai labarin da ya kamata ya fito daga bakina zuwa gare ka, kuma zan ajiye shi inda 'yan ikilisiya za su karanta, tunda a kan idonsu aka yi komai. Zan faɗe shi yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Kai ka dasa itatuwan filin cocinmu na Jigwada. Lokacin kana aikin gandun daji, filin kuwa fako ne, ko inuwar da akuya za ta fake babu. In ka taso aiki sai ka ɗauro dashe a bayan kekenka. Malaina ka jera layi biyu ta gabas, inda iskar farkon damina ke ɓullowa. Dogonyaro ka ja layinsa ta tsakiyar fili, mangwaro kuma ka sa kewayen gini.

Wanda ya taya ka ban ruwa har suka kama ƙasa shi ne Emeka. Ka tuna yadda ya zo mana: saurayi makanike daga Kudu, ba shi da kowa a Keffi. Ka gan shi zaune shi kaɗai a bencin baya wata Lahadi, aka tashi ka taho da shi gida. Shekara biyu ya yi a ɗakinmu na ƙofar gida, yana cin tuwon Mama, yana koyon Hausa a bakinka. Kawu Emeka muke ce masa. In rani ya tsananta, yakan cika duro biyu a rafi, ya ɗora a duk motar da ya fita gwadawa bayan gyara, ya kai wa itatuwanka.

Ba ka taɓa tsayawa gaban ikilisiya ka yi wa'azi ba. Kakan ce bakinka ba na taro ba ne. A gona kake naka wa'azin, ga duk wanda ya bi ka. A gonarmu ta Panda kakan tsayar da mu ka nuna mana yadda doya ke hawa karan dawa, kabewa kuma ta shimfiɗa ganyenta ta rufe musu ƙasa don kada rana ta shanye laima. Sai ka ce, "Ku duba da kyau. Allah bai halicci abin da ya ishi kansa ba."

Da wani dattijo ya ce ka matse malainar nan da yawa, ba za su yi kauri ba, ka amsa masa da cewa, "Ba katako nake shukawa ba. Itacen da ke tsaye shi kaɗai, shi kaɗai iska ke kokawa da shi. In suna tare, kowa ya karɓi rabonsa ya miƙa wa na gaba. Haka Almasihu ya so masu binsa su tsaya." Na ji maganar nan sau da yawa har ta daina shiga kunnena.

Sai gari ya buɗe. Masu shaguna da makanikai daga Kudu suka ƙaru, ɗalibai suka zo, ma'aikatan da ke kwana a Keffi su yi sammakon Abuja su ma suka zo. Cocin da mu Mada da Eggon da Gwandara muka saba cikawa da waƙoƙin Hausa ya kai rabinsa ba sa jin abin da fasto ke faɗa sai an fassara. Suka kawo shawara a taron ikilisiya cewa a riƙa yin sujadar safe da Turanci, ta Hausa ta koma da rana.

Ni na miƙe a taron nan. Ka san abin da na faɗa, amma zan rubuta shi don kada a ce na ɓoye. Na ce baƙon da aka shimfiɗa wa tabarma yanzu ɗakin yake nema. Ina faɗa ina kallon Kawu Emeka, ko da yake ba shi ya kawo shawarar ba. Aka yi mini tafi. Daga ranar na zama bakin masu Hausa, kuma na ji daɗin hakan.

Wata takwas ana ja-in-ja. A ƙarshe shugabanninmu na sama suka raba filin biyu. Mu muka riƙe tsohon gini da gabashin fili, su suka ɗauki yamma, suka yi nasu ginin a bayan layin dogonyaro. Na daina ce masa Kawu. In mun haɗu a kasuwa sai in ce, Oga Emeka ina kwana, in wuce.

Gina katanga tsakaninmu da su shawarata ce. Sare malaina ma haka. Hujjata ta yi kyau a kunnen kowa: muna bukatar bencuna, ga katako a tsaye a filinmu, ni kuma kafinta ne. Kwana biyu mai inji ya yi ya kwantar da layi biyun da ka yi shekaru kana reno. Cikin mangwaron kewayen gini ma, ɗaya kawai na bari kusa da ƙofar coci saboda inuwa.

Da masu haƙa suka fara ramin katanga sai suka ci karo da saiwoyi. Na nan sun ratsa can, na can sun ratso nan, sun sarƙe har ba a gane wannan ta wane itace ce. Wasu ma sun manne da juna sun zama ɗaya. Sai da aka sa gatari. Ka zo da sandarka ka zauna a kan kututture kana kallo, ba ka hana kowa aikinsa ba. Da za ka tashi ka ce mini, "Bitrus, sama ka raba. Ƙasa ba ta ji labari ba." Na ce a raina tsufa ne.

Balbelun da suka saba sauka a malaina da yamma suka yi kwana biyu suna shawagi a kan fili, daga nan suka koma dogonyaron maƙwabta. Yaya Rifkatu ta ce har tsuntsaye sun bi masu Turanci. Muka yi dariya. Kai ba ka yi ba.

Abin da ka yi shi ne ka raba Lahadinka. Wannan mako kana wurinmu, mako mai zuwa ka zagaya ta titi ka shiga nasu, alhali Turancinka bai wuce gaisuwa da sunayen itatuwa ba. Na roƙe ka ka daina, na ce kana ba ni kunya a gaban dattawa. Ka ce, "Fili aka raba. Ni ba a raba ni ba."

Haka ka yi shekara uku, sannan ciwo ya kwantar da kai. Ranar da muka kai ka Panda muka binne, 'yan wancan cocin sun zo mota biyu cike. Suka nemi a ba su dama su yi maka waƙa ɗaya. Na aika musu cewa lokaci ya ƙure. Suka tsaya a gefe har aka gama, suka gai da Mama, suka tafi.

Yanzu ga abin da ba ka gani ba.

Bana ruwan farko ya zo ranar wata Alhamis da la'asar. Matan zumunta suna cikin cocinmu suna koyon waƙa, Mama na cikinsu. Ni ina shago ina goge ƙofa. Na ga gabas ta yi baƙi, na tattara kayan aiki na shigar ciki, ban kawo komai a raina ba. Iskar da ta riga ruwan ba ta daɗe ba, amma babu abin da ya tare ta tun daga titi har jikin gini. Ta ɗaga kwanon rufin gaba ɗaya da katakansa ta watsar a bayan fili. Mangwaron ya tumɓuke ya faɗo a kan ƙofa, ya rusa bangon gaba, ya toshe hanyar fita. Wani babban reshe ya danne ƙafar Mama Laraba, ƙawar Mama, wadda ke ba da waƙa.

Mazan ɗaya cocin suna nasu taron a lokacin. Sun ji ƙarar, sun ji ihun mata. Zagayawa ta titi zai ɗauke su lokaci, don haka suka ɗauko guduma suka fasa katangata. Ta taga suka riƙa zaro mata ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwa. Reshen ya ƙi ɗaguwa da hannu. Emeka, da furfurarsa da ciwon bayansa, ya je motarsa ya ɗauko jak, ya rarrafa ƙarƙashin ganye ya kafa shi, ya riƙa ɗagawa har aka ja Mama Laraba. Malam Sule, maƙwabcin cocin, mai a-kori-kura, yana fitowa daga masallaci ya tarar da abin, shi ya kai ta asibiti.

Kafin labari ya iso ni in iso, an gama komai. Na sami Mama a cikin cocin da na rantse ba zan taka ba, zaune a benci, lulluɓe da zanen matar Emeka, ana ba ta shayi. Babu wanda ya rasu. Emeka yana bakin ƙofa yana matse rigarsa. Ya dube ni ya ce da Hausarsa irin ta da, "Bitrus ɗana, Mama tana lafiya, ka shiga." Na wuce shi na shiga, don ban san da wane suna zan kira shi ba.

Washegari na je na duba mangwaron. Gindinsa na sama, saiwoyi a waje. Ta ɓangarori uku saiwoyin sun tsinke ne, da zare-zare kamar igiya. Ta ɓangaren katanga kuwa guntaye ne, bakinsu a daidaice, sun warke sun yi baƙi. Ni kafinta ne, na san saran gatari in na gan shi. Shekara bakwai itacen nan yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ƙofar da iyayenmu mata ke shiga, ni kuma ina zama a inuwarsa ina karɓar gaisuwa.

Ranar Asabar dattawansu suka aiko. Saƙon shi ne mu zo mu yi sujada a gininsu har mu gyara namu, kuma mu ɗauki safe, su za su koma da rana. Ka ji, Baba. Abin da muka raba ikilisiya a kansa, shi aka miƙo mana ba mu roƙa ba. Na tambayi Emeka ko mutanensu sun yarda da haka. Ya ce ba duka ba, wasu sun yi gunaguni, amma tsofaffinmu sun fi nasu yawa, kuma tsoho ba ya son tafiya cikin rana.

Mu ma ba duka muka yarda ba. Danladi, mijin Yaya Rifkatu, ya ce dabara ce ta haɗiye mu, yau aron ɗaki, gobe a ce mu zauna gaba ɗaya. Shi da gidaje biyar suka kafa tamfol a tsakar gidansa suna sujada a can. Ya ce ni da na ja su zuwa yaƙi ni ne na fara ajiye makami. Ban musa masa ba. Har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau, Yaya kuma tana tsakiya, tana zuwa wurin Mama ne in ta san ba na nan.

Lahadin farko a gininsu, bayan karatu, na nemi izinin fasto na tsaya. Na faɗi maganar saiwoyin. Na ce ni na sa aka sare malaina, ni na sa aka datse mangwaro ta ƙasa, kuma an gargaɗe ni ban ji ba. Babu wanda ya yi tafi a wannan karon. Wani dattijo ya ce ai tare muka yanke shawara, na ce haka ne, amma ni na kawo ta.

Daga coci na wuce asibiti wurin Mama Laraba. Ƙashin ya karye wuri biyu, likita ya ce za ta taka amma ba kamar da ba. Na durƙusa na maimaita mata abin da na faɗa. Ta dube ni ta ce, "Ƙafa dai ta riga ta karye, Bitrus. Tashi ka je ka yi mini sanda mai kyau, ba irin ta kasuwa ba." Na yi mata. Da ita take zuwa zumunta yanzu, a zaune take ba da waƙa.

Wata uku muka yi kafin rufi ya koma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun ga haka da idonmu. Mai sayar da kwano ɗan wancan cocin ne, masu walda su ma nasu ne, magina namu ne, ni na yi aikin katako. Matan ɓangarorin biyu suka riƙa dafa abinci a murhu ɗaya, suna gardama a kan yawan barkono. Ranar da aka ɗora katakon tsakiya, mutum goma sha ne a sama da ƙasa, ana ba da umarni da Hausa da Turancin kasuwa a lokaci guda, kuma babu wanda ya faɗo.

Kada ka ɗauka mun koma ɗaya. Ba mu koma ba. Mun dawo gininmu, suna nasu, kowa da fastonsa. Har yanzu muna kai ƙara cewa lasifikarsu na danne gangunanmu, su kuma suna cewa mu ba ma tashi a kan lokaci. Abin da ya canza kaɗan ne. Inda suka fasa katanga ba a toshe ba. Na gyara bakinsa na sa masa firam, ban sa ƙyaure ba. Lahadin farkon kowane wata muna cin jibin Ubangiji tare, da harshe biyu, sujadar ta yi tsawo har yara su gaji. In an yi rasuwa ko haihuwa a nan, ana sanarwa a can.

Kututturan malaina da yawa sun yi toho, ashe ba su mutu ba duk shekarun nan, mu ne muke datse su da adda in ana sharar fili. Yanzu an bar su. Ɗaliban wancan cocin sun kawo sabon dashe mun cike gurabe. Awaki sun ci kusan rabi kafin mu kewaye su da ƙaya. Wanda zai sha inuwarsu ba ni ba ne.

Saura magana ɗaya, Baba, ita ce ta sa na ɗauki biro.

Lokacin da kake kwance a asibiti a makonka na ƙarshe, Emeka ya zo kwana uku a jere. Duk zuwan da ya yi ni na tare shi a ƙofar ɗaki na ce iyali kaɗai ake bari. Ban gaya maka ba, ban gaya wa kowa ba. Shekara huɗu ina ɗauke da wannan, ina cewa na hana ka sallama da mutumin da ka riƙa kamar ƙaninka. Ko a gaban ikilisiya da na tsaya, wannan ban iya faɗa ba.

Makon jiya da hantsi ina shafa wa Mama magani a gwiwa, sai na faɗa mata. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ai ba tafiya yake yi ba. Yakan koma bakin rumfar masu jinya ya zauna, in na fita sayo magani ko abinci sai ta leƙo ta yafito shi. Ta ce shi ya ba ka kunu na ƙarshe da ka iya sha. Kun yi addu'a tare, kai da Hausa, shi da Igbo. Kuma shi ya yi maka aski.

Na tuna askin nan. Na dawo daga kantin magani na same ka fes, an gyara maka gemu, ana jin ƙamshin sabulu. Har na je na yi wa nas godiya, ta dube ni ba ta gane ba. Kai kuwa kana kwance kana kallona.

Na tambayi Mama me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce kai ka hana. Ka ce mata, "Kada ki faɗa wa Bitrus yanzu, zai ji haushi. Ki bari sai ranar da zai ji daɗi."

Na ji daɗi, Baba. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Mama na yi kukan da ban yi ba a Panda, ita kuma ta ɗora hannunta a kaina kamar ina ƙarami. Ashe ba ka tafi da kewar kowa ba. Ashe har a gadon ciwo kana lallaɓa ni, kana jiran in girma. Da yamma na je garejin Kawu, na same shi a ƙarƙashin mota. Na ce na zo godiyar aski. Ya turo kansa waje, ya goge hannu, ya ce rezar ba ta da kaifi ranar, amma ba ka yi ƙorafi ba.

Allah Uba, wanda ya kira ka, ya ci gaba da hutar da kai a gabansa. Ya ƙara wa Mama kwana da sauƙin gwiwa. Ya ƙarfafa ƙafar Mama Laraba. Ya saka wa Kawu Emeka da gidansa, ya saka wa Malam Sule. Ya sanyaya zuciyar Danladi, ya ba ni haƙurin jiransa kamar yadda aka jira ni. Ya gafarta mini abin da na faɗa da abin da na yi, ya kuma sa ranar da zan iso inda kake in iya duban fuskarka. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Ka huta lafiya, Babana.

Ni ne ɗanka,
Bitrus
Keffi.